Francis Frith, Baturen Da Ya Kwaso Masallatai Da Kufan Masar A Kan Gilashi

A cikin jerin tarihin mashahuran mutanen da suka riga mu, wanda mu ke kawo wa masu karatu a wannan shafi, an saba jin labarin sarakuna da mayaƙa da manyan malamai. To, mutumin da za mu ba da labarinsa yau ba ya cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗan kasuwa ne, mutumin Ingila, wanda ya tara dukiya tun da sauran ƙarfinsa, sa'an nan ya sayar da kantinsa, ya sayi akwatunan ɗaukar hoto, ya nufi ƙasar Masar da ta Sham. Sunansa Francis Frith. Abin da ya sa muka ga ya cancanci a san shi, shi ne akwai gine-ginen ibada masu yawa, na Musulmi da na Nasara da na mutanen Fir'auna, waɗanda in mutum yana son ya ga yadda su ke fiye da shekara 160 da suka wuce, hotunan wannan Bature na cikin abin da zai fara nema. Waɗansunsu an gyara su har sun sake kama, waɗansu an yayyanka su an kai wani wuri an sake haɗawa, akwai ma wanda aka rushe aka kwashe duwatsunsa.

An haifi Frith ran 7 ga watan Oktoba, 1822, a garin Chesterfield cikin tsakiyar Ingila, watau zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke bisa gadon sarauta a Sakkwato. Ubansa mai sana'ar yin gangunan katako ne, yana da rufin asiri daidai gwargwado. Iyayen nasa 'yan wata ɗariƙa ce ta Nasara da a ke kira Kwaka, su kuwa suna kiran kansu Jama'ar Abokai. Mutanen wannan ɗariƙa ba su da limamai na albashi, ba su yin rantsuwa ko da a gaban alƙali ne, ba su ɗaukar makami, suna kuwa cikin waɗanda suka fara tsayawa a kan a hana cinikin bayi. Ɗakin ibadarsu ba shi da hasumiya, ba ƙararrawa, ba zane a bango, daga kujerun katako sai bango fari. Su kan zauna shiru ne, sai wanda ya ji yana da abin faɗi ya miƙe ya faɗa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin yaron da ya tashi a cikin irin wannan ɗaki shi ne ya zo ya ɓad da rabin ransa yana bin ƙubbobi da hasumiyoyi da ginshiƙai masu ado.

Da ya gama makarantar 'yan ɗariƙarsu a Birmingham, sai aka kai shi Sheffield, garin maƙeran wuƙaƙe da cokula, don ya koyi ciniki. Aikin bai karɓe shi ba. Cikin 1843 ciwon damuwa ya kwantar da shi, ya yi wajen shekara biyu kafin ya murmure. Daga nan ya koma Liverpool, babbar tashar jiragen ruwa, ya shiga sarin kayan masarufi, ya haɗa da harkar ɗab'i. A nan kasuwa ta buɗe masa. Labarin da aka fi bayarwa game da arzikinsa shi ne na zabibi, watau busasshen inabi na ƙasar Girka, wanda ya saye da yawa ya riƙe har ya yi tsada, kāna ya sayar. A cikin 1855, yana da shekara 33, ya sayar da harkokinsa duka, yana da abin da zai ci har mutuwarsa ko bai sake ɗaga tsinke ba.

Tun kafin haka hoto ya riga ya shiga ransa. A cikin 1850 ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a Liverpool tare da wani abokin ciniki, cikin 1853 kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta garin. Sana'ar kuwa jaririya ce a lokacin. A cikin 1839 ne aka bayyana wa duniya dabarar Daguerre, mutumin Faransa, wadda ke kama sura a kan faifan ƙarfe mai ruwan azurfa, amma hoto ɗaya tak a ke samu, ba ya haihuwa. Talbot na Ingila ya fito da ta takarda, wadda a ke iya bugawa sau da yawa, sai dai surar ta kan fito dishi-dishi. A cikin 1851 wani mai sassaƙa, Frederick Scott Archer, ya fito da hanya ta uku, ta gilashi, wadda ta haɗa kyaun ta fari da yawan ta biyu. Archer bai nemi a biya shi ko kwabo ba, ya sake ta ga kowa kyauta, ya mutu da talauci cikin 1857. Da dabararsa Frith ya yi suna ya ƙara dukiya.

Ya kamata mu tsaya mu bayyana yadda wannan aiki ya ke, domin wanda ya saba fid da waya daga aljihu ya danna ba zai gane wahalar da aka sha ba. Mai ɗaukar hoto zai goge allon gilashi tas, ya zuba masa wani ruwa mai danƙo kamar ƙaro, sunansa kolodiyan, ya karkata gilashin har ruwan ya game ko'ina. Sa'an nan ya shiga wuri mai duhu ya tsoma shi cikin ruwan azurfa, ya sa shi cikin akwatin hoto tun yana jiƙe, ya buɗe idon akwatin na ɗan lokaci, ya rufe, ya koma cikin duhu da sauri ya wanke da waɗansu magunguna har sura ta bayyana. Duk wannan sai an gama shi cikin minti goma ko sha biyar, don da zarar gilashin ya bushe aiki ya ɓaci. Watau ke nan ba dama mutum ya ɗauki hoto a daji ya bari sai ya komo gida ya wanke. Duk inda za shi, sai ya tafi da ɗakin duhunsa, da kwalaben magunguna, da ruwa mai tsabta, da akwatunan gilashi. Surar da ke kan gilashin kuma a juye ta ke, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ita ce uwar hoto. Daga gare ta a ke buga 'ya'ya, a ɗora ta bisa takardar da aka shafa wa farin ƙwai da ruwan azurfa, a shanya a rana. Tun da ya ke ba a faɗaɗa hoto a wancan zamani, girman gilashi shi ne girman hoto.

Da irin wannan kaya Frith ya tashi daga Ingila cikin watan Satumba, 1856. Akwatunan hoto uku ya ɗauka. Akwai ƙarami mai ido biyu, akwai matsakaici mai cin gilashi wajen inci 8 da 10, akwai kuma ƙato mai cin gilashi inci 16 da 20, wanda sai an sa ƙarfi kafin a ɗaga shi. Abokin tafiyarsa wani injiniya ne, Francis Wenham, gwanin aikin madubai, wanda ya zo da wani ƙaramin jirgin ruwa mai aiki da tururi. Wannan Wenham daga baya ya yi suna wajen binciken yadda fiffike ke riƙe abu a cikin iska, tun ba a ƙera jirgin sama ba. Suka bi Kogin Nilu suna haurawa kudu, daga Alƙahira har Abu Simbel kusa da iyakar Sudan ta yanzu, tafiyar fiye da mil 700, ba su komo gida ba sai cikin watan Yuli, 1857.

Ba shi ne ya fara kai akwatin hoto Masar ba. Girault de Prangey ya riga shi da faifan ƙarfe tun cikin 1842, Maxime Du Camp kuma ya bi Nilu da takarda tsakanin 1849 da 1851, dukansu mutanen Faransa. Amma gilashi mai jiƙo, musamman ƙaton nan, kai shi cikin zafin Nuba wani abu ne dabam. Ana narka kolodiyan ne cikin barasa da wani ruwa mai saurin tashi da a ke kira eta, irin wanda likitocin wancan zamani ke shaƙa wa majinyaci ya yi barci kafin a yi masa aiki. Shi eta ya kan tafasa da zafi ya kai awo 95 a ma'aunin Turawan Ingila, watau 35 a ma'aunin da aka fi aiki da shi yanzu. Cikin tantin Frith kuwa zafi ya kan kai 110. Ya ba da labari da kansa cewa akwai ranar da ya zuba ruwan a kan gilashi ya ga yana tafarfasa. Ga tururin maganin yana juya kai cikin rufaffen tanti, ga ƙura, ga ƙudaje masu faɗawa kan danƙon su manne. Wani lokaci sai ya gudu cikin kaburburan dutse na mutanen dā, ya kutsa can ƙurya inda haske ba ya kai, ya yi aikinsa cikin jemagu. Ya kuma sa an saƙa masa wani keke mai rumfa, aka lulluɓe shi da farin zane, ya zama ɗakin duhu mai tafiya. Mutanen ƙauyuka da suka ga yadda ya ke tsaron keken, ba ya barin kowa ya leƙa, sai suka ɗauka matansa ne a ciki a kulle, suka riƙa girmama keken saboda haka.

Abin da ya komo da shi ya girgiza Landan. Kamfanin Negretti da Zambra ya buga hotuna 100 na ƙaramin akwatin nan mai ido biyu cikin 1857. Irin waɗannan hotuna tagwaye ne, in an sa su cikin wani madubi aka leƙa da ido biyu sai su haɗu su zama ɗaya, mutum ya ga kamar zai miƙa hannu ya taɓa dutsen. Sa'an nan aka shiga fid da littafinsa a kan Masar da Falasɗinu, kashi-kashi har 25, kowane kashi da hotuna uku da bayaninsu, jimla hotuna 76 har da nasa na kansa sanye da tufafin Turkawa. A tuna fa injin ɗab'i bai iya buga hoto ba tukuna. Kowane hoto sai an shanya shi a rana shi kaɗai, an wanke, an yanke, an liƙa shi da hannu cikin littafi. Da aka buga littafin kofi 2,000, sai da aka yi wa hotuna fiye da 150,000 wannan hidima.

Bai zauna ya ci ribar ba. Cikin watan Nuwamba, 1857, ya koma. A wannan karo bayan Masar ya ƙetara Falasɗinu da Sham, ya ɗauki Birnin Ƙudus daga kan Dutsen Zaitun, da Masallacin Aƙsa, da Ƙubbatus Sahra wadda Turawa ke kira Masallacin Umar bisa kuskure, alhali Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya gina ta, aka gama cikin shekara ta 72 bayan Hijira. Ya je Baitalahmi, da Halil inda kabarin Annabi Ibrahim ya ke, da Nazarat, da Dimashƙa, da Ba'albak inda ginshiƙai shida na haikalin Rumawa ke tsaye, kowanne ya fi ƙafa 60. Tafiya ta uku, ta 1859 zuwa 1860, ita ce mafi nisa. Ya wuce inda duwatsu suka tare Nilu jirgi ba ya wucewa, wuraren da Larabawa ke kira shallal, ya hau raƙumi har haikalin Soleb a cikin ƙasar Sudan ta yanzu. Ya kuma ratsa hamadar Sina'i zuwa gidan ruhubanawan nan na gindin Dutsen Musa, wanda Sarkin Rum Justinian ya gina tun kafin zuwan Musulunci, wanda kuma akwai ƙaramin masallaci a cikin ganuwarsa tun zamanin Faɗimawa.

To, me ya kai attajiri cikin wannan wahala har sau uku? Neman kuɗi na ciki, ba shakka, don Frith bai taɓa daina zama ɗan kasuwa ba. Amma akwai abin da ya fi wannan. Mutanen Ingila na wancan zamani sun tashi da karatun Attaura da Linjila, sun san sunayen Masar da Sina'i da Ƙudus kamar sunayen unguwanninsu, amma ba su taɓa ganin wuraren ba sai a zane. Mai zane kuwa, ko da gwani ne kamar David Roberts wanda ya zaga waɗannan ƙasashe cikin 1838 da 1839, yana iya ƙara wa ginshiƙi tsawo, ya dasa dabino inda babu, ya matso da dutse kusa da kogi don zanen ya yi kyau. Ra'ayin Frith shi ne hoto shaida ne wanda ba a saye, don hasken rana ne ke rubuta shi, ba hannun mutum ba. Yana son mai karanta littafin addininsa ya ga ainihin ƙasar da abin ya faru. A cikin 1862 da 1863 har aka buga wani ƙaton Baibul da hotunansa a ciki, kofi 170 kaɗai, aka yi wa Sarauniya Victoria sadaukarwa, kowanne a kan fam 52 da sule 10.

Mu a namu ganin, shaidar da ya yi nufin bayarwa ba ita ce ta fi amfani ba daga baya. Hoton tudu ko rijiya ba ya tabbatar da abin da ya faru a wurin shekara dubu biyu ko uku da suka wuce. Amma yana tabbatar da yadda wurin ya ke ranar da aka ɗauke shi, a nan kuwa babu mai ja da Frith.

A duba Abul Haul, ƙaton gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki da ke gaban dalar Giza. A hoton Frith rairayi ya haɗiye shi har kafaɗa, ba a ganin ƙafafunsa; ba a gama tone shi sarai ba sai tsakanin 1925 da 1936. A Edfu gidajen laka ne bisa rufin haikalin, ƙasa ta cika shi har kusa da kan ginshiƙai, sai cikin 1860 Mariette ya fara share shi. A Luksor ma mutane na zaune a cikin haikali da dabbobinsu har cikin shekarun 1880, sa'ad da aka tashe su aka rushe gidajen, aka bar masallacin Abul Hajjaj shi kaɗai a sama, ƙofarsa ta dā tana lilo can bisa, don an kwashe ƙasar da a ke takawa a shiga. A Karnak ya ɗauki babban zauren nan mai ginshiƙai 134. Shekara guda bayan mutuwarsa, cikin Oktoba 1899, goma sha ɗaya daga cikinsu suka zube a safiya ɗaya, sai da aka yi shekaru ana ta da su.

Na kudu kuwa ruwa ne ya tashe su. Da aka gama madatsar Aswan ta fari cikin 1902, tsibirin Filae da haikalinsa suka riƙa nutsewa yawancin watannin shekara. Da aka zo gina babbar madatsa, sai ƙasashen duniya suka haɗa kuɗi da gwanaye ƙarƙashin UNESCO. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka Abu Simbel gunduwa-gunduwa fiye da dubu, aka hau da shi sama da ƙafa 200, aka sake haɗa shi jikin wani tudu da aka gina da hannu. Filae ma aka kwashe gine-ginensa zuwa wani tsibiri, Agilkiya, aka gama cikin 1980. Wanda ya je yau zai ga duwatsun, su ne dai, ba a musanya ba. Amma gaɓar kogin da suka tsaya a kai shekaru dubbai, da dabinon, da malalar rairayin da ta gangaro ta rufe ƙafafun gumakan Ramsis, duk suna ƙarƙashin ruwa.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne na Armant, kudu da Luksor kaɗan. A nan akwai wani ƙaramin haikali na zamanin Sarauniya Kiliyobatra, mai siraran ginshiƙai. Frith ya ɗauke shi cikin 1857. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka, a farkon shekarun 1860, aka rushe shi aka yi aikin ginin ma'aikatar sukari da duwatsunsa. Ginin da ya yi shekara wajen 1,900 a tsaye ya tafi cikin ɗan lokaci, masana kuwa in za su yi magana a kansa yanzu sai su koma ga zanen matafiya da 'yan hotunan da aka ɗauka kafin a rushe shi, na Frith na cikin mafi kyaunsu.

Masallatan Alƙahira su ma ya same su cikin halin tsufa. Ya ɗauki masallacin Sultan Ƙaitbai da ke cikin maƙabartar gabas, wanda aka gama cikin 1474, mai ƙubbar dutse da aka sassaƙa mata ado kamar aikin allura. A hotonsa masallacin na tsaye cikin fili, bango ya tsattsage, ga tarin ƙasa a gindinsa. Hukumar kula da tsofaffin gine-ginen Musulunci ta Masar ba a kafa ta ba sai cikin 1881, saboda haka abin da Frith ya gani shi ne ginin kafin hannun masu gyara ya taɓa shi. Alhazai da ɗalibanmu da suka zauna Alƙahira sun san masallacin Sultan Hasan da na Rifa'i suna fuskantar juna kamar tagwaye a gindin Ƙal'a. A zamanin Frith na Sultan Hasan kaɗai ne. Ba a sa harsashin na Rifa'i ba sai cikin 1869, ba a gama ba sai 1912. Haka nan Ƙubbatus Sahra. Launin zinariyar da kowa ya san ta da shi ya samo asali ne daga gyaran da aka fara cikin 1959, aka kuma shafa mata zinariya ta ainihi cikin 1993 da 1994. A hotunan Frith ƙubbar baƙa ce, rufin darma, birnin kuwa kusan dukansa yana cikin ganuwar da Sultan Sulaiman ya gina, bayanta sai duwatsu da itatuwan zaitun.

Makka da Madina ba su cikin hotunansa, don ba hanyar da wanda ba Musulmi ba zai shiga. Wannan rabo na wani ne, Muhammad Sadiƙ Bey, injiniyan sojan Masar, wanda ya ɗauki Madina cikin 1861, ya ɗauki Ka'aba da Mina da Arfa cikin 1880, da irin wannan gilashi mai jiƙo, har aka ba shi lambar zinariya a wani baje koli a Venice cikin 1881. Shi ma ya isa a ba da tarihinsa shi kaɗai wata rana.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma ido iyakarsa inda aka juya shi. Wanda ya dubi hotunan Frith zai zaci Masar da Falasɗinu ƙasashe ne da mutane suka watse suka bari. Rabin laifin na akwatin ne, don idonsa ya kan daɗe a buɗe, duk abin da ya motsa sai ya zama hazo ko ya ɓace ɗungum, kasuwa cike da jama'a ta fito kamar kufai. Sauran rabin nasa ne. Mutanen ƙasa da a ke gani a hotunansa yawanci an tsai da su ne a gindin ginshiƙi, ɗaya a tsaye ɗaya a tsugune, don mai kallo ya gane girman dutsen, watau sun zama sandar awo. A cikin bayanin da ya rubuta ƙarƙashin hotunan ma sau da yawa ya kan yi musu kallon raini, irin na Turawan zamaninsa, yana kukan roƙonsu da ƙazantar garuruwansu. Alhali kuwa su ne suka ja jirginsa da igiya a inda iska ta ƙi, su suka ɗora akwatunan gilashi a kan raƙuma suka kai su Soleb suka komo da su ba su fashe ba. Sunansa shi kaɗai ya ke ƙarcewa a gefen gilashin, tare da shekara. Amma kuma a faɗi gaskiya, bai kyale 'yan uwansa Turawa ba. Ya yi tir da matafiyan da ke sassaƙa sunayensu a jikin gine-ginen dā, suna ɓalle guntaye su kai gida.

A cikin 1860 ya auri Mary Ann Rosling, 'yar ɗariƙarsu, ya zauna a Reigate kudu da Landan, bai sake komawa gabas ba. Sun haifi 'ya'ya takwas. A nan ya kafa kamfaninsa, ya ɗaura niyyar da ta fi ta fari girma, watau ya ɗauki hoton kowane gari da kowane ƙauye na ƙasarsu. Ingila ma tana da nata kufan na ibada. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas, bayan ya ɓata da Paparoma, ya rufe gidajen ruhubanawa fiye da 800, ya ƙwace filayensu, aka kware darmar rufinsu aka sayar, aka bar bangaye ga ruwan sama. Irin su Tintern, wanda aka kafa cikin 1131 a bakin kogin Wye, da Fountains da Rievaulx na 1132, sun yi shekara ɗari uku suna zubewa, tagoginsu masu tsini ba gilashi, ciyawa a inda a ke salla, wani tsiro mai yaɗo ya lulluɓe bango. Turawa na son su a haka ƙwarai, jirgin ƙasa kuwa ya sauƙaƙa zuwa kallonsu, kowa kuma ya je yana son ya komo da abin tunawa. Frith ya ga kasuwa a nan. Hotunan kamfaninsa sun nuna waɗannan kangaye da lulluɓinsu na ganye, kafin hukuma ta karɓi Tintern cikin 1901 a zo daga baya a ciccire yaɗon don yana cin bango.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka ya ɗauki ma'aikata ya koya musu irin tsayuwar da ya ke so, ya kuma sayi hotunan waɗansu ya buga da sunan kamfani. Don haka ba kowane hoto mai sunan Frith ne ya fito daga hannunsa ba, har da waɗansu na ƙasashen gabas da aka ƙara cikin littattafansa na baya. Kafin ƙarshen ƙarnin kantuna fiye da 2,000 ke sayar da hotunan kamfanin.

Da girma ya zo sai ya bar wa 'ya'yansa ciniki ya koma ga addini. Tun 1872 'yan ɗariƙarsu suka shaida shi a kan mai wa'azi. A cikin 1884 shi da abokansa biyu, William Pollard da William Turner, suka fid da wani ɗan littafi ba tare da sun sa sunayensu ba, suna cewa imani bai kamata ya yi faɗa da hankali ba, kuma ba kowace kalma ta Baibul za a ɗauka a kan zahirinta ba. Dattawan ɗariƙar suka yi masa ca. Mutumin da ya sha zafin Sina'i don ya nuna wa jama'a wuraren da littafin ya ambata, ga shi yanzu ana zarginsa da raunana littafin. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a babban taron da suka yi a Manchester cikin 1895, ra'ayin matasan ɗariƙar ya karkata wajen nasa.

Ya rasu ran 25 ga watan Fabrairu, 1898, a gidansa na Cannes a bakin Bahar Rum, kudancin Faransa, yana da shekara 75.

Kamfanin ya rayu bayansa shekara saba'in da 'yan kai, ya koma buga katin gaisuwa mai hoto, ma'aikatansa na komawa garuruwan nan bayan 'yan shekaru suna sake ɗauka, har aka tara hotuna fiye da 300,000 na garuruwa wajen 7,000. Cikinsu akwai tituna da majami'un da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka share. Iyalin suka sayar da kamfanin cikin 1968, aka rufe shi cikin 1971, gilasan na jibge a Reigate ana shirin rushe ginin. Wani masanin tarihin hoto, Bill Jay, shi ya tashi ya yi ta kai gwauro yana kai mari, har kamfanin taba na Rothmans ya yarda ya saye su duka ya kwashe. A cikin 1977 wani ma'aikacin kamfanin, John Buck, ya saye su daga hannun iyayen gidansa, ya ci gaba da buga su da sunan Frith.